Ƙungiya mai zaman kanta da kamfaninta na fasaha: wane tsarin mallaka ya fi riƙe amana?

Tun da kuɗin tallafi na waje ya fara ja baya, musamman bayan da gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta ba da tallafi ga ƙasashen waje, USAID, a shekarar 2025, tambayar da ke gaban kwamitocin ƙungiyoyi masu zaman kansu ita ce yadda za su tsaya da ƙafafunsu idan furoje ya ƙare. Ƙungiyar da ke da wani abin fasaha a hannu tana da mafita. Wata ta gina manhajar salula da ke sanar da manoma farashin gero, wake, riɗi da aya a kasuwannin Maraɗi, Tasawa da Dakwaro, wata tana da tsarin ajiye bayanan marasa lafiya a ƙananan asibitoci, wata kuma tana koyar da matasa aikin kwamfuta. Duk waɗannan ana iya sayar da su, amma ƙungiyar da ba ta neman riba ba a kafa ta don kasuwanci ba, shi ya sa ake buɗe kamfani a ƙarƙashinta. Daga ranar da aka buɗe shi kuwa sai wata tambayar ta taso: wa ke juya wa? Wannan bayani na membobin kwamiti ne da suka yarda da buɗe kamfanin, amma suka rabu kan irin ikon da uwar ƙungiya za ta riƙe a kansa.

Abubuwan da za a auna da su

Na farko shi ne iko na haƙiƙa, wato ko ƙungiya za ta iya cire shugaban kamfanin, ta hana sayar da shi, ta kuma hana a yi ciniki da bayanan mutanen da suka amince mata. Na biyu kuɗi ne, kuma fuska biyu gare shi: abin da za a kashe wajen kafawa da gudanarwa, da kuma yawan jarin da tsarin zai iya jawowa. Na uku ɗorewa bayan waɗanda suka kafa abin sun tsufa ko sun tafi. Na huɗu sauƙin tafiyarwa ga kwamitin da yawancin membobinsa malaman makaranta ne, likitoci da dattawan unguwa masu aikin sa kai. Na biyar haɗari, da kuma wanda zai ɗauke shi idan abin ya lalace.

A cikin biyar ɗin na fi ba na farko nauyi, domin shi ne ya fi yaudara. Takarda tana iya ba ƙungiya dukkan ƙuri'u, alhali kuɗin albashi da ƙwararrun ma'aikata suna hannun wani.

Dokar da muke aiki a ƙarƙashinta

Ƙungiyoyi a Nijar suna tafiya ne a kan dokar ƙungiyoyi mai lamba 84-06 ta shekarar 1984, wadda ba ta yarda membobi su raba riba a tsakaninsu ba. Kamfanoni kuwa suna ƙarƙashin dokokin OHADA, waɗanda ƙasashe 17 na Afirka ke tarayya a kansu. Dokar kamfanonin da aka sabunta a 2014 ta ba da siffofi uku da suka shafe mu. Akwai SARL, siffar da ƙananan kamfanoni suka fi ɗauka, wanda kowane ɗan kasuwa a Maraɗi ya sani. Akwai SA, babban kamfanin hannun jari, wanda ke buƙatar jarin farawa na aƙalla sefa miliyan 10 da mai binciken lissafi na dole. Sai SAS, kamfanin hannun jari mai sauƙin tsari, wanda ya shigo a 2014, kuma shi ne ya fi barin masu kafawa su rubuta ƙa'idojinsu yadda suke so, sai dai ba a sayar da hannayen jarinsa ga jama'a a kasuwar hannun jari. Kowanne daga cikin ukun mai shi yana iya zama guda ɗaya tak, mutum ko wata hukuma mai rijista. Kafin komai, sai ku duba tsarin mulkin ƙungiyarku tare da lauya ko noter, a tabbatar ya ba ta damar mallakar kamfani, in bai bayar ba a gyara shi a babban taro.

Lambobi uku ya kamata kowane ɗan kwamiti ya haddace. A SARL, hukuncin yau da kullum yana buƙatar masu fiye da rabin jari, canza ƙa'idojin kamfani kuma yana buƙatar masu kashi uku cikin huɗu. A SA, canza ƙa'idoji yana buƙatar kashi biyu cikin uku na ƙuri'u. Ma'anar wannan ita ce mai fiye da kashi 25 cikin ɗari a SARL yana iya tare kowane gyara ga ƙa'idoji, ko da ba shi ne ke gudanar da kamfanin ba.

Zaɓi na farko: ƙungiya ta mallaki kamfanin ɗungurungum

Wannan shi ne tsarin Mozilla. An kafa Gidauniyar Mozilla a Amurka a 2003, sannan a 2005 ta buɗe kamfanin Mozilla Corporation mai biyan haraji, ta riƙe dukkan hannayen jarinsa, ta miƙa masa aikin manhajar shiga intanet ta Firefox. Haka Signal, manhajar aika saƙo: gidauniya ce aka kafa a 2018 da dala miliyan 50 daga Brian Acton, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro WhatsApp, kuma kamfanin da ke gina manhajar yana ƙarƙashinta. Wanda ya fi su daɗewa shi ne Gidauniyar Carl Zeiss ta Jamus, wadda Ernst Abbe ya kafa a 1889, kuma har yau ita kaɗai ke da kamfanin Zeiss mai ƙera madubin na'urori, ƙa'idarta ma ta hana ta sayar da hannayen jarin.

Mutumin Maraɗi ba baƙo ba ne ga wannan tunani, domin shi ne tushen waƙafi: a tsare asalin dukiya, ba a sayarwa, ba a gado, ba a kyauta da ita, a riƙa ciyar da amfaninta, kamar yadda Sayyadina Umar ya yi da gonarsa ta Khaibara.

Ta fuskar iko babu kamarsa. Ƙungiya ce ke naɗa manaja, ita ke cire shi, ita ke amincewa da lissafin shekara. Kuɗin kafawa kaɗan ne, domin SARL mai mutum ɗaya ya isa: rubuta ƙa'idoji, rijistar kasuwanci ta RCCM, lambar haraji ta NIF, da albashin kontabil. SARL ba ya buƙatar mai binciken lissafi na dole sai ya zarce biyu daga cikin ma'auni uku, wato kadara ta sefa miliyan 125, ciniki na miliyan 250 a shekara, ko ma'aikata 50, kuma ƙaramin kamfanin manhaja zai daɗe bai kai nan ba. Kamfanin zai biya lampo kamar kowane ɗan kasuwa, har da harajin riba da harajin saye da sayarwa (TVA) na kashi 19, don haka kada kowa ya shiga da zaton rangwamen da ƙungiya ke samu zai bi kamfanin.

Rauninsa jari ne. Ba wanda zai zuba kuɗi a inda ba a ba shi kaso, sai dai bashin banki mai kuɗin ruwa, wanda da yawa daga cikin membobinmu ba su yarda da shi ba, ko kyauta, wadda ita ce ake gudu tun farko. Akwai kuma wani haɗarin da ba a cika lura da shi ba, wanda Mozilla ta nuna ƙarara: fiye da kashi 80 cikin ɗari na kuɗin shigarta ya daɗe yana fitowa daga Google, wanda ke biya don a sa injin bincikensa a gaba a cikin Firefox, alhali Google ɗin ne mai Chrome, babban abokin gogayyar Firefox. Gidauniya ce ke da kamfanin, amma abokin ciniki guda ne ke riƙe da numfashinsa. A 2020 kamfanin ya sallami ma'aikata kimanin 250. Idan kamfaninku zai rayu ne da kwangilar kamfanin salula guda ko ta ma'aikatar gwamnati guda, to ikon da ke rubuce a takardarku bai cika ba, kuma maganinsa neman abokan ciniki da yawa tun da wuri.

Zaɓi na biyu: a shigo da masu zuba jari, ƙungiya ta riƙe rinjaye

A nan ne yawancin gardama take, kuma a nan ne ya fi dacewa a tsaya a duba da kyau. Maraɗi gari ne na alhazai masu jari, waɗanda suka saba da haɗin gwiwa da Katsina da Kano ta iyakar Ɗan Isa, kuma da yawansu sun fi son su shiga kasuwanci a raba riba da asara a kan su ba da bashi. Don haka samun mai cewa zai zuba miliyan 30 a ba shi kaso ba abu ne mai wuya ba idan manhajar ta fara kawo kuɗi.

Misalin da ya yi kyau shi ne Raspberry Pi na Ingila. Gidauniya ce ta ilimi a birnin Kambirij, wadda ta fitar da ƙaramar kwamfuta mai araha a 2012 don yara su koyi sarrafa na'ura, ta kuma buɗe kamfani ya riƙa ƙerawa da sayarwa. A watan Yunin 2024 an sa kamfanin a kasuwar hannun jari ta Landan, gidauniyar ta sayar da wani ɓangare na kasonta ta samu dukiya mai yawa don aikin ilimi. Sai dai bayan wannan ciniki kasonta ya sauko ƙasa da rabi. Ita ce dai babbar mai hannun jari, amma ba ta iya yanke hukunci ita kaɗai. Lissafin da ke kawo haka mai sauƙi ne. A ce kun ba mai jari na farko kashi 30, kun rage da 70. Bayan shekara biyu kuɗi ya sake yankewa, aka ba na biyu kashi 30 ta hanyar ƙara jari. Kashi 70 ɗinku ya koma 49, kuma babu ranar da wani ya zauna ya ce a miƙa kamfanin.

Misalin da ya fi girgiza mutane shi ne OpenAI, mai ChatGPT. An kafa ta a ƙarshen 2015 a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba, da manufar cewa ƙirƙirarriyar basira ta amfani dukan bil'adama. Da aka ga aikin yana cin kuɗin da kyauta ba za ta iya ɗauka ba, sai a 2019 aka buɗe kamfani a ƙarƙashinta, aka ƙayyade ribar masu jarin farko da cewa ba za ta wuce ninki 100 na abin da suka zuba ba, aka bar dukan iko a hannun kwamitin ƙungiyar. A shekarar ce Microsoft ya zuba dala biliyan 1. A takarda, babu tsarin da ya fi wannan ba ƙungiya ƙarfi. Ranar 17 ga Nuwamba 2023 kwamitin ya yi amfani da ƙarfin, ya cire shugaban kamfanin, Sam Altman, bisa cewa ba ya gaya musu gaskiyar al'amura yadda ya kamata. Cikin ƴan kwanaki fiye da ma'aikata 700 daga cikin kimanin 770 suka sa hannu a wasiƙa cewa za su bar aiki su koma Microsoft idan ba a mayar da shi ba. Kafin mako ya cika an amince ya koma kujerarsa, yawancin waɗanda suka cire shi kuma suka bar kwamitin. A watan Oktoban 2025 aka sake fasalin gaba ɗaya: aka kawar da ƙayyade ribar, gidauniyar ta riƙe kimanin kashi 26 da ikon naɗa kwamitin kamfanin, Microsoft ya riƙe kimanin kashi 27, kuma sai da manyan lauyoyin gwamnatin jihohin Delaware da Kalifoniya suka duba yarjejeniyar.

Ba sai an yanke hukunci kan wanda ke da gaskiya a wancan rikici ba kafin a ɗauki darasinsa. Dukiyar kamfanin fasaha tana cikin kawunan ma'aikatansa, kuma suna iya tafiya da ita. Wannan ya fi tsanani a wurinmu, inda kamfanin zai dogara da matasa uku ko huɗu da suka fito daga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ko suka yi karatu a Yamai, waɗanda in suka ajiye aiki babu mai taɓa manhajar. Idan mai jari ne ke biyan albashinsu, ranar da kwamiti ya saɓa da shi za su bi inda abincinsu yake, kuma ba za a zarge su ba.

Kuɗin kafa wannan tsari ya fi na farko nesa ba kusa ba, domin ana buƙatar ƙwararren lauya ya rubuta yarjejeniyar masu hannun jari, a ƙiyasta darajar manhajar, a riƙa binciken lissafi duk shekara ko da doka ba ta tilasta ba. Sauƙinsa kaɗan ne, saboda kwamitin sa kai zai zauna teburi guda da mutanen da ciniki ne sana'arsu. Amma shi ne kaɗai ke kawo jari mai kauri cikin hanzari. Shawarata ga wanda ya zaɓe shi ita ce kada ya kwaikwayi ƙayyade riba irin ta OpenAI, domin su kansu sun bar ta, kuma ya rubuta tun farko mafi ƙanƙantar kason da ƙungiya ba za ta sauka ƙasa da shi ba.

Zaɓi na uku: ƙaramin kaso mai ikon hawa kujerar naƙi

A wannan tsari ƙungiya ba ta gudanar da kamfanin. Tana riƙe da kaso kaɗan, amma an rubuta cewa wasu abubuwa ƙidayayyu ba za su yiwu ba sai da yardarta: sayar da kamfanin, canza manufarsa, miƙa bayanan masu amfani ga wani. Ecosia, injin binciken intanet na birnin Balin a Jamus da ke kashe ribarsa wajen dashen itatuwa, ya bi wannan hanya a 2018, inda ya ba wata gidauniya mai suna Purpose kashi 1 cikin ɗari na ƙuri'u tare da ikon hana sayar da kamfanin ko kwashe ribarsa. Bosch na Jamus ya juya abin ta ɗaya fuskar: gidauniyar Robert Bosch tana da kimanin kashi 94 na jari kuma tana karɓar riba don ayyukan alheri, amma ƙuri'un suna hannun wata hukumar amintattu dabam, don kada masu rabon tallafi su shiga harkar masana'anta.

A dokar OHADA, SAS ne ya dace da wannan, domin ƙa'idojinsa suna karɓar irin waɗannan sharuɗɗa, kuma gyaran 2014 ya halatta hannayen jari masu fifiko na musamman. Tsadarsa tana wurin rubutu ne sau ɗaya, bayan haka nauyin da ke kan kwamiti kaɗan ne. Yana da ɗorewa matuƙar an rubuta sharuɗɗan da kyau. Rauninsa shi ne mai kujerar naƙi hanawa kawai yake iyawa, ba ya iya sa a yi. Idan kamfanin ya daina kula da ƙauyukan Mayahi da Gidan Rumji ya koma wa manyan ƴan kasuwar birni saboda can riba take, ƙungiya za ta zuba ido ne, sai fa in an sa wannan a cikin jerin tun farko. Kuɗin da zai shigo wa ƙungiya ma kaɗan ne.

Zaɓi na huɗu, a taƙaice: a riƙe suna da manhaja, a ba da haya

Ƙungiya tana iya ƙin mallakar kowane kamfani, ta yi wa sunan rijista a OAPI, hukumar rijistar sunaye da alamun kasuwanci, ta riƙe manhajar da bayanan, ta ba wani kamfani izinin kasuwanci da su na shekaru ƙayyadaddu a kan kuɗi. Haka sunan WordPress, manhajar gina shafukan intanet, yake a hannun gidauniya tun 2010, kamfanin Automattic kuma yana da izinin amfani da shi a kasuwanci. Shi ne mafi arha, kuma asarar kamfanin ba ta taɓa ƙungiya. Sai dai idan mutum guda ne ke da faɗa a ji a ɓangarorin biyu, rabuwar ta zama ta takarda kawai.

| Ma'auni | Mallaka duka | Rinjaye da masu jari | Kujerar naƙi | Ba da haya |
|---|---|---|---|---|
| Iko | Cikakke | Yana raguwa da kowane ƙarin jari | Na hanawa kawai | Kan suna da manhaja |
| Kuɗin kafawa | Kaɗan | Mai yawa | Matsakaici | Mafi ƙanƙanta |
| Jawo jari | Da wuya | Da sauƙi | Matsakaici | Ba na ƙungiya ba ne |
| Ɗorewa | Mai ƙarfi | Ya danganta da yarjejeniya | Mai ƙarfi in an rubuta da kyau | Iya wa'adin kwangila |
| Sauƙi ga kwamiti | Matsakaici | Da wahala | Da sauƙi | Da sauƙi |
| Babban haɗari | Dogaro da abokin ciniki guda | Ma'aikata su bi mai kuɗi | Kamfani ya karkata a hankali | Mai haya ya ɓata suna |

Abin da ya shafi dukan huɗun

Kowanne kuka ɗauka, a raba asusu da littattafan lissafi. Kamfani yana bin tsarin lissafin kamfanoni na OHADA, wato SYSCOHADA, ƙungiyoyi kuma suna da nasu tsarin lissafin na OHADA, wanda aka amince da shi a Yamai a watan Disamban 2022, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2024. Motar ƙungiya ko kwamfutar da mai tallafi ya saya kada ta koma aikin kamfani ba tare da takarda ba. Bayanan manoma da marasa lafiya suna ƙarƙashin dokar kare bayanai, kuma ya fi aminci su zauna a sunan ƙungiya. Sannan kada shugaban kamfani ya zama shi ne shugaban kwamitin da ke sa masa ido, ko da ɗan'uwa ne ko aminin kowa.

Kada kuma a ɗauka cewa barazana daga masu jari kaɗai take zuwa. A 2019 ƙungiyar Internet Society, wadda ba ta neman riba, ta amince ta sayar da hukumar da ke kula da adireshin intanet na .org ga wani kamfanin zuba jari a kan fiye da dala biliyan 1, sai da ICANN, hukumar da ke tsara adireshin intanet na duniya, ta ƙi amincewa a watan Afirilun 2020 cinikin ya rushe. Kwamitin ƙungiya ma yana iya kwaɗayin kuɗi mai yawa a lokaci guda, don haka a rubuta a tsarin mulki cewa sayar da kamfani sai da babban taro da rinjaye mai tsauri.

Wa ya dace da wanne

Ƙungiyar da kamfaninta zai iya girma da kuɗin cinikinsa, kamar cibiyar koyar da kwamfuta ko mai gina manhajoji wa makarantu da asibitoci, ta ɗauki mallaka duka a siffar SARL, kuma a ganina yawancin ƙungiyoyin Maraɗi nan suka faɗa. Wadda aikinta ke buƙatar kaya masu tsada kafin riba ta zo, kamar raba na'urorin hasken rana a biya kaɗan-kaɗan, ba ta da makawa sai masu jari, amma ta shiga da SAS, ta haɗa rinjayen da sharaɗin kujerar naƙi don ya rage mata ranar da kasonta ya sauka, ta kuma ba ƙwararrun ma'aikatanta ɗan kaso domin su zama nata. Idan matasan da suka gina manhajar su ne ke da ƙwazon kasuwancin, kwamiti kuma dattawa ne da ba su da lokacin bin ciniki, a bar musu kamfanin, ƙungiya ta riƙe kujerar naƙi a kan sayarwa, manufa da bayanai. Ƙungiyar da ba ta da kontabil na dindindin, ko wadda ba ta riga ta tabbatar akwai masu saye ba, ta fara da ba da haya na shekara biyu ko uku, ta sa sharaɗin karɓe izinin idan mai hayar ya saɓa, sannan ta sake zama a kan maganar kamfani idan wa'adin ya cika.